Ina Ungulun Kasuwar Jega?



Kowace shekara, daga ranar 1 ga Satumba zuwa ranar 4 ga Oktoba, wato idin Waliyi Francis na Assisi, Ikilisiya takan keɓe kusan makonni biyar domin addu'a da tunani a kan halittar Allah. Marigayi Paparoma Francis ne ya sa ranar 1 ga Satumba cikin kalandarmu a shekarar 2015, shekarar da ya fitar da wasiƙarsa mai suna Laudato Si'. A bana muna so mu shiga wannan lokaci da wata tambaya wadda mai yiwuwa ta ba wasunku dariya, domin ba a saba jin irinta daga bakin Fada ba. Tambayar ita ce: yaushe rabonku da ganin ungulu?

Mu da muka yi wayo a ƙarshen shekarun 1980 ba mu san kasuwa ba ungulu ba. Duk inda mahauta suka kafa teburinsu tana nan, bisa katanga ko kan rumfa, ta sunkuyar da sanƙon kanta kamar mai zaman makoki, tana jiran a jefar da hanji. Yara su jefe ta, mahauta su kore ta, ta yi tsalle biyu ta dawo. Har ta shiga bakinmu: muna cewa ungulu ba ta jewar banza, in kuma an cuci mutum a ciniki mu ce an yi masa ungulu da kan zabo. Kwanan baya mun bi ta wajen masu nama a Jega, garin da kasuwarsa ta yi suna tun kafin zuwan Turawa, muka yi wa wani dattijon mahauci wannan tambaya. Ya ajiye wuƙarsa, ya ɗaga kai ya dubi sama, ya daɗe bai ce kome ba, sa'an nan ya ce wallahi bai lura ba sai yanzu da aka tambaye shi. Wannan amsa tasa ta fi damunmu fiye da ɓacewar tsuntsuwar kanta, domin abin da ya zauna da iyayenmu da kakanninmu ya tashi ya bar mu, ba wanda ya yi cigiya.

Ba idonmu ne ke ruɗinmu ba. Ƙungiyar IUCN, wadda ke riƙe da lissafin halittun duniya da ke cikin haɗari, ta sa ungulun kasuwa cikin masu fuskantar ƙarewa a shekarar 2011, a 2015 kuma ta matsar da ita zuwa mataki mafi muni, wanda daga shi sai shuɗewa daga dawa. Kuma ba ita kaɗai ba ce. Tsofaffinmu suna ba da labarin raƙumin dawa da jimina da gauraka kamar yadda ake ba da labarin maƙwabta, jikokinsu kuwa sai a littafin makaranta suka san su. A shekarar 2019 wani kwamitin masana na ƙasashen duniya ya ƙiyasta cewa iri-irin dabbobi da tsirrai kusan miliyan 1 ne ke kan hanyar ƙarewa. Lambar ta fi ƙarfin tunaninmu, saboda haka bari mu tsaya a kan abin da muke iya gani da idonmu tsakanin Gulbin Zamfara da gonakin albasar Aliero.

Allah cikin hikimarsa ya yi kowace halitta daidai da mazauninta, kamar yadda tela ke yanka riga daidai da mai ita. Ku dubi gaiwa. In rani ya yi, fadama ta ƙafe, sauran kifaye su mutu ko su bi ruwa su gudu, ita kuwa sai ta nutse cikin taɓo, ta lulluɓe jikinta da yauƙi, ta bar 'yar kafa da take shaƙar iska, ta yi barcinta wata da watanni har damina ta zo ta tashe ta. Ku dubi gawo, wanda yake kakkaɓe ganyensa da damina sa'ad da sauran itatuwa ke tofo, ya bar gero ya sha rana a ƙarƙashinsa, da rani kuma ya yi kore ya ciyar da awaki. Ku dubi shamuwa, wadda take tasowa daga kudancin Afirka ta iso garuruwanmu daidai da ruwan farko, har manomi ya gan ta ya ɗauko irinsa. Babu ɗayansu da ya yi makaranta. Wannan sani yana cikin jininsu, an gina shi a hankali, tsara bayan tsara, cikin dubban shekaru. Ikilisiya ba ta jayayya da masana a kan haka, kuma Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya faɗa a sarari a shekarar 1996 cewa binciken da ake yi a kan sauyawar halittu abu ne mai nauyi da ba za a yi watsi da shi ba. Wanda ya halitta su shi ne ya ba su ikon bin zamani.

Amma ikon nan yana da iyaka, kuma a nan ne zancenmu yake. Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Gaskiya ne, sai dai karin maganar bai gaya mana abin da ke samun mai rawar da ƙafarsa ba ta iya bin sabon kiɗan ba. In mazaunin wata halitta ya sauya, ƙofa uku ce a gabanta. Ko ta yi ƙaura zuwa inda ya yi kama da gidanta na dā, ko ta sāke hali ta koyi sabon abinci da sabon makwanci, ko kuwa ta ragu a hankali har ta ƙare. Ƙofa ta farko tana bukatar fili: sai da sauran daji kafin a gudu cikinsa. Ta biyu tana bukatar lokaci, domin sauyin da ke shiga jini ba a cikin ran uwa yake faruwa ba, sai a 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne, waɗanda suka dace da sabon hali su rayu su hayayyafa, waɗanda ba su dace ba su faɗi a hanya. In babu fili kuma babu lokaci, ƙofa ta uku ce kaɗai ke buɗe.

Shi ya sa ƙananan halittu masu saurin haihuwa suke cin riba a irin wannan zamani. Dukanmu mun sha kulorakwin muna yara, zazzaɓi ya sauka. Ƙwayar cutar ta yi ta hayayyafa, masu jure maganin suka yi yawa, har a shekarar 2005 Nijeriya ta daina dogara da shi wajen maganin zazzaɓin cizon sauro. Haka sauro ya saba da magungunan feshi da dama. Haka kuma tsuntsun jan-baki, wanda ba manomin shinkafa ko gero a jihar Kebbi da bai san ɓarnarsa ba. Jan-baki takan yi ƙwai uku, ta ƙyanƙyashe su cikin kwana goma ko kusa da haka, bayan mako biyu 'ya'yan sun tashi, in kuma ta sami ruwa a wani wuri ta sāke yin wata sheƙar a shekara guda. Abincinta ƙwayar ciyawa ne, mu kuwa muka shimfiɗa mata shinkafa har da rani. Masana suna ganin babu tsuntsun dawa da ya kai shi yawa a duniya, suna ƙiyasta shi da biliyan 1 da rabi. Ana fesa masa magani da jirgin sama, baɗi ya dawo.

To, ku ɗora ungulu a kan wannan ma'auni. Ƙwai ɗaya tak take yi a shekara. Takan kwanta a kansa kimanin kwana 50, ɗan ya yi wata uku zuwa huɗu a sheƙa kafin ya iya tashi, bayan ya tashi ma iyayen su ci gaba da ciyar da shi, kuma sai ya shekara da dama kafin shi ma ya haihu. A zamanin da ba mai taɓa ta, wannan tsari ya ishe ta, domin tana da tsawon rai. Amma in aka kashe manyan ungulaye 20 a yini guda, za a daɗe ƙwarai kafin a mayar da gurbinsu, in har an bar sauran sun zauna lafiya. Jan-baki yana iya sauya tsara sau da yawa kafin ɗan ungulu ɗaya ya balaga.

Yanzu mu tambayi kanmu abin da ya sauya a ƙasarmu cikin ran mutum ɗaya. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970, da wanda ya biyo a 1983 da 1984, sun kashe dabbobi da itatuwa ba iyaka, kuma har yau tsofaffi suna lissafin shekarunsu da su. Ruwan sama ya ɗan farfaɗo bayan haka, amma da wani sabon hali: ya yi jinkiri, ya ɗauke ana tsakiyar bukata, sa'an nan ya zubo gaba ɗaya. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu ƙarfi sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982, kuma ba mu manta da ambaliyar 2020 ba, wadda ta shanye gonakin shinkafa a faɗin jihar nan. An datse Gulbin Sakkwato a Bakolori a 1978, aka datse Gulbin Rima a Goronyo a 1984, malalar da ta saba shiga babbar fadamar Argungu da Birnin Kebbi kowace shekara, inda kifi ke zuba ƙwai, ta sauya lokaci da yawa. Jama'a ta ƙaru. An ƙirƙiro jihar Kebbi a 1991, garuruwa suka faɗaɗa, Aliero ta sami jami'a a 2006, a 2015 kuma aka ƙaddamar da shirin bashin noman shinkafa a Birnin Kebbi, injinan ban ruwa suka cika bakin gulbi. Wanda ya bi hanyar Jega zuwa Maiyama yau zai ga buhunan gawayi da ƙiraren itace a gefen titi fiye da yadda zai ga manyan giginyu da kukoki.

Ba mu zo zagin shinkafa ba, mu ma tuwonta muke ci, kuma da kuɗin albasa ne da yawa cikinku suke biyan kuɗin makarantar yara har su sa baiko a coci. Mutum yana da hakkin ya ci, ya ciyar da iyalinsa. Abin da muke so a gani shi ne saurin abin. Sauyin da a dā yakan ɗauki ɗaruruwan shekaru, mun yi shi cikin shekara 50.

Gauraka ta nuna mana yadda abin yake. Tsuntsuwa ce mai kambi kamar na sarauta, wadda ake yawan kira tsuntsuwar ƙasar Nijeriya. Ba ta yin sheƙa sai a cikin ciyawar fadama mai ruwa, inda dila da kare ba sa iya kai wa ƙwanta, kuma tana bukatar wurin ya zauna shiru har 'ya'yanta su yi ƙafa. Da fadamu suka koma gonaki har bakin ruwa, ba ta iya komawa kan rufin kwano kamar yadda tantabara ta yi ba. Kyanta kuma ya zame mata masifa, aka riƙa kama ta ana kai wa gidajen masu hali domin ado, inda take tsufa ba ta haihu ba. Yau da wuya a ga gauraka a dawa a duk faɗin Nijeriya.

Labarin ungulu ya fi wannan ɗaci, domin ita ta yi ƙoƙarin bin kiɗanmu. Da namun daji suka ragu ta matso gari ta zama 'yar kasuwa, ta ci abin da muka zubar, ta yarda da mu har ta daina gudu. Wannan yardar ce ta ci ta. Muka sare dogayen itatuwan da take sheƙa a kansu. Wani ya zuba maganin ƙwarin gona a mushe domin kura ko karnukan da ke damun garkensa, ungulaye suka sauka tare kamar yadda suka saba, suka mutu tare. Mafi muni kuma shi ne cinikin kanta da ƙafafunta da ƙwanta domin tsafi da neman sa'a, kuma masu bincike sun daɗe suna nuna Nijeriya a matsayin babbar kasuwar wannan haja. A shekarar 2020 an kashe ungulaye fiye da 2,000 da guba a ƙasar Gini Bisau, aka tarar an guntule kawunan da yawansu. A nan dole mu yi magana a matsayinmu na makiyayi. In akwai mai baftisma a cikinmu da ya taɓa biyan kuɗi domin a haɗa masa laya da kan ungulu, don jarrabawa ko ciniki ko neman aure, ya sani ya yi laifi biyu: ya dogara ga abin da ba Allah ba, ya kuma sa hannu cikin kashe ma'aikaciyar da Allah ya ba garinsu kyauta. Ƙofar ikirari a buɗe take.

Mun ce ma'aikaciya, kuma ba wasa muke ba. Cikin ungulu yana da tsami mai ƙarfin da ke kashe ƙwayoyin cutar da ke cikin ruɓaɓɓen nama, garken ungulaye kuma yana iya share mushen saniya kafin ƙuda da karnuka su gama taruwa. Mutanen Indiya sun ga abin da rashinta ke jawowa. A shekarun 1990 aka fara yi wa shanu allurar wani maganin ciwon jiki mai suna diclofenac. Shanun suka ji sauƙi, amma duk ungulun da ta ci mushen saniyar da aka yi wa allurar sai ƙodarta ta lalace. Cikin 'yan shekaru irin ungulu uku suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100, kafin a gano dalilin a 2004 a kuma hana ba dabbobi maganin a 2006. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnuka marasa gida suka yawaita, cutar haukan kare ta ƙaru, ruwan sha ya gurɓata. Wasu masana tattalin arziki biyu sun buga lissafi a 2024 cewa ɓacewar ungulu ta jawo mutuwar mutane kusan rabin miliyan tsakanin 2000 da 2005. Ba attajirai ne ke shan ruwan kududdufi ba, ba kuma 'ya'yansu ne ke wasa kusa da juji ba. In halitta ta faɗi, a kan talaka take faɗuwa, domin shi ma ƙofofinsa kaɗan ne: masunci da ya iske gulbi ba kifi ba shi da wata gonar da zai koma.

Mun san abin da wani zai ce, domin mun sha jinsa a bakin Kirista da Musulmi baki ɗaya: ai kome da ajalinsa, wanda ya halitta shi ne ya ɗauke. Akwai gaskiya a ciki. Duwatsu suna ɗauke da ƙasusuwan halittun da suka ƙare tun ba a yi mutum ba, kuma ba za a tuhume mu da su ba. Amma wanda ya zuba gamalin a tafki ya kwashe kifi har da 'ya'yansa, baɗi ya dawo ya iske wayam, ba shi da bakin cewa ƙaddara. Kada kuma yawan abu ya ruɗe mu. A Amurka an yi wata irin kurciyar dawa wadda garkenta ke rufe rana in yana wucewa, ana lissafinta da biliyoyi, kowa yana cewa ba ta ƙarewa. Ita ma ƙwai ɗaya take yi. Aka sare dazuzzukanta, aka yi ta harbinta ana lodawa a jirgin ƙasa, har ta ƙarshe ta mutu a gidan ajiye namun daji na Cincinnati ranar 1 ga Satumba, 1914. Ranar ta zo daidai da wadda muke buɗe wannan lokaci na addu'a da ita, ko da yake ba don haka aka zaɓe ta ba.

Littafi Mai Tsarki ya ba mu misalin mutumin da ya tsaya a daidai wannan matsayi. A zamanin Nuhu mazaunin dukan halittu ya sauya cikin kwana 40, sauyin da ba dabbar da za ta iya bi, babu tudun gudu kuma babu lokacin koyon iyo. Allah mai iko duka ne, da ya so da ya sāke halittar wasu bayan ruwan ya janye. Amma sai ya ɗora ceton dabbobin a wuyan mutum ɗaya da iyalinsa, da gatari da katako da ƙaro, da wahalar tara abincin kowace iri. Ku karanta sura ta 7 ta Littafin Farawa da kyau, za ku ga cewa ba dabbobi masu tsabta kaɗai aka shigar ba, marasa tsabta ma an ba su wuri. Littafin Firistoci sura 11 ya lissafa ungulu cikin tsuntsayen da aka haramta ci. Wato tsuntsuwar da ba a ci, ba a miƙa hadaya da ita, ba ta da kyan gani ko daɗin murya, ita ma tana da gurbi a jirgin. Bayan ruwan kuma, alkawarin bakan gizo da ke sura ta 9 an ƙulla shi da Nuhu da zuriyarsa da kowane mai rai da ya fito tare da su. Maƙwabtanmu Musulmi suna girmama Annabi Nuhu kamar yadda muke yi, saboda haka wannan zance ne da za mu iya yi da su a dandali ba tare da gardama ba.

Akwai kuma wata ƙaramar doka a Maimaitawar Shari'a sura 22 wadda ba a cika wa'azi a kanta ba. Ta shafi mutumin da ya ci karo da sheƙar tsuntsu a hanya: an yarda ya ɗauki 'ya'yan, amma an hana shi haɗawa da uwar. Dokar ba ta hana mai yunwa ci ba, ta hana shi cinye tushen. Masanin halittu na yau da ya auna haihuwar ungulu da ta jan-baki, ƙarshen lissafinsa a nan yake tsayawa. Littafin Firistoci sura 25 ma ya umarta a bar ƙasa ta huta shekara ɗaya cikin bakwai, ya kuma ambaci namun jeji cikin masu cin abin da ta tsiro a shekarar hutun. Fili da lokaci ke nan, abubuwa biyun da muka ce halitta ke bukata kafin ta tsira.

Kada wani ya ce aikin ya fi ƙarfin talakawa, domin maƙwabtanmu na ƙetaren iyaka sun gwada. Raƙumin dawa na Afirka ta Yamma, wanda a dā yake yawo daga Senegal har Tafkin Chadi, ya ƙare a ko'ina sai a Nijar, a yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, ba nisa can da iyakarmu ta Kamba ba. A shekarar 1996 guda 49 kaɗai suka rage. Ba shingen waya aka yi musu ba, a cikin gonakin mutane suke kiwo, suna cin ganyen gawo, wani lokaci har su taɓa wa manomi wake da mangwaro. Gwamnati ta hana farautarsu, ƙauyuka suka haƙura da su, aka taimaka wa mutanen da rijiyoyi da ƙananan rance. Cikin shekara 20 da 'yan kai suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai dajin Gadabeji a jihar Maraɗi domin su kafa sabon garke. A jihar Maraɗin ne kuma, tun daga 1983, wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya ja hankalin manoma su daina tumɓuke kututturan itatuwa a gona, su zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi su bar su su girma. Manoman suka kira abin sassaben zamani. Ba a sayi iri ba, ba a ɗebo ruwa ba, amma an ƙiyasta itatuwa kimanin miliyan 200 ne suka dawo a kudancin Nijar ta wannan hanya.

Saboda haka ga abin da muke roƙo a wannan lokaci na halitta, kuma ba mu roƙi abin da ke bukatar kuɗi ba. Wanda ke da giginya ko kuka ko gawo a gonarsa ya yi tunani sau biyu kafin ya sayar wa mai gawayi, wanda ke da kututture mai tofo ya gwada sassaben mutanen Maraɗi a kadada guda ya ga abin da zai faru cikin shekara uku. Masu kiwo a cikinmu kada su sa guba a mushe, in dabba ta mutu bayan an yi mata allura a binne ta da zurfi. Masu su su bar gamalin da komar da idonta ya yi ƙanƙanta. Zumuntar Mata, ku ne kuka san tsadar itacen girki fiye da kowa, ku duba batun murhun da ke rage cin itace a taronku na gaba.

Ga katikis da matasa kuma muna da aiki na musamman. A Littafin Farawa sura 2, aikin farko da aka ba Adamu game da dabbobi shi ne raɗa musu suna, kuma abin da mutum bai san sunansa ba ba zai yi cigiyarsa ba. Kafin ranar 4 ga Oktoba, kowane katikis ya ɗauki matasa biyu ko uku da littafin rubutu, su zauna da tsofaffin ƙauyensu, Kirista da Musulmi, maharba da masunta da makiyaya, su rubuta sunan kowace dabba da tsuntsu da kifi da itacen da tsofaffin suka sani suna yara, su sa alama a gaban wanda har yanzu ake gani. In kuma an dace wani ya san itacen da ungulu ke sheƙa a kansa, ko a Jega ko a Aliero ko a Maiyama, kada a yayata wurin a kasuwa. A sanar da mai gonar da mai unguwa a asirce, a roƙe su su bar itacen a tsaye, domin da rani take yin ƙwanta ɗaya, kuma ranin bai yi nisa ba. Za mu karɓi littattafan bayan Misa ta ranar idin Waliyi Francis.